Ranar da Zulaiha Ta Kira Sunan Surukarta

Zulaiha na zaune a falon yayanta Ilu, ƙafafunta cikin robar ruwan ɗumi, littafi buɗe a cinya amma ko layi ɗaya ba ya shiga kanta. Shekararta ta uku ke nan tana karatun nas a Guangzhou, karatun kuwa kullum ƙara zafi yake. A da, haddar rubutun Sinanci ce ke sa ta kuka, yanzu an tura su asibiti, tsayuwa tun safe har ƙafa ta kumbura. Ga Abdulhakeem, wanda aka yi musu baiko bara, an hana shi bizar zuwa ganinta saboda tsaurin da aka yi a kan wasannin Olamfik. Kewarsa ta fi kumburin ƙafar cin ta.

Wayarta ta yi ƙara. Shi ne! Ta ɗauka da rawar jiki.

"Zuly, me kika yi wa Hajiyata?"

Ta san laifin. Mahaifiyarsa, Hajiya Barira, ta zo sarin kaya a kasuwar Shisanhang, jiri ya ɗebe ta jiya aka kai ta asibitin da Zulaiha ke koyon aiki. Zulaiha ce aka ɗora a kan kiran marasa lafiya. Gajiya ta rufe mata ido, ta ɗaga murya ta karanta abin da ke kan kati: "Barira Tankari!" Sunan surukarta, gatsau, a gaban 'yan Kano har biyu!

"Wallahi diyuti ne, ban lura ba..."

"Ta ce karatun ya cire miki kunya. Ko ki bar shi ki dawo gida, ko a maido mana kayanmu." "Zuly, ni fa ba zan iya rasa ki ba."

Ilu da ke jin su ya yi tsaki. "A mayar musu mana! Ke kaɗai kika san wuyar da kike sha."

"A'a Yaya," ta ce, hawaye na zuba. "Uwa ce. Kuma ina son sa."

Ranar da Hajiya ta koma ganin likita, Zulaiha ce dai a bakin ƙofa. Da layi ya zo kan Hajiya, yarinyar ta baro wurin aikinta, ta ratso jama'a ta durƙusa har ƙasa.

"Mama, layinki ya zo."

Kafin Hajiya ta miƙe, malamar da ke duba ɗalibai ta iso kamar ta tashi sama. Ta dinga zazzaga wa Zulaiha masifa da Sinanci tana nuna ta da yatsa, kowa na kallo. Zulaiha ta sunkuyar da kai.

"Ke, me take cewa?" Hajiya ta tambaye ta.

"Ba komai, Mama."

"Na ce ki faɗa min!"

"Wai na bar wurin aikina. In na kuma, sai na maimaita zangon."

Hajiya ta dubi ƙafafun da suka cika takalmi taf, ta dubi idanun da suka faɗa. Ashe haka 'yar mutane ke fama a ƙasar da ba dangin iya ba na baba, ita kuma ta zo ta ƙara mata!

"Tashi, 'yata. Koma bakin ƙofar ki kira ni yadda aikinki ya ce. Ni na ba ki izini."

"Mama, ba zan iya..."

"Za ki iya! In kin maimaita zango, yaushe ɗan nawa zai ga matarsa?"

Zulaiha ta koma ta kira sunan. Hajiya ta amsa da ƙarfi, "Na'am!"

Da yamma Abdulhakeem ya bugo yana dariya har da shessheƙa. "Hajiya ta ce in na kuskura na hana ki ƙarasa karatu, da ita zan yi!"

Zulaiha ta rungume wayar a ƙirjinta. Saura shekara guda, amma yanzu jiran ya yi mata sauƙi.

'Yan mata, ku ji da kyau: da Zulaiha ta biye wa zuciya ta mayar da martani, da ta rasa ɗaya, ko karatun ko masoyin. Haƙuri da ladabi ne suka bar mata duka biyun.