A Janye Ƙafa

Rana ta riga ta sauka bayan katanga lokacin da Mai Jak ya gama ɗaure sabon sifirin a ƙarƙashin Tsohuwa. Tsohuwa mota ce 'yar ƙarama, mai kujera biyu, marar rufi, irin wadda masu ji da kansu suke tsere da ita tun yana yaro. A bayan gidan wani tsohon kwastomansa ya tsinto ta, ta shekara da shekaru a zaune kan duwatsu, ciyawa ta tsiro har cikin sitiyari. Ya jawo ta gida, ya kafa mata rumfa, kuma tun daga ranar bai sake hira da kowa a tsaye ba, sai dai a kwance a ƙarƙashinta, ƙafafunsa a waje.

"Da kana duba lafiyarmu yadda kake duba cikin akwalar nan, da ko ciwon kai ba ma yi," in ji matarsa, wadda yara suke kira Umma.

Auta ce kaɗai ta goyi bayansa. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, tela ce, kuma ita ta ɗauki aikin cikin motar. Ta yage ruɓaɓɓen soson kujerun, ta yanko sabuwar fata, tana ɗinkawa a kekenta da jan zare. Uban yana gyara ƙasa, 'yar tana gyara sama.

Mutumin yana da wata ɗabi'a da ta jawo masa sunansa. Bai taɓa sauke mota daga kan jak ba sai ya ɗaga murya ya ce, "A janye ƙafa!" A gareji haka, a gida haka, ko da kaza ce kaɗai a wurin. Auta har kwaikwayonsa take yi idan za ta ajiye tukunya.

A wannan yammacin an fara kiran magariba, yana sauri. Ya duba dama, ya duba hagu, babu kowa. Sai ya murɗa jak ɗin bai ce komai ba. Motar ta sauko da nauyinta, wani ɗan ƙara ya fito daga ƙarƙashi, siriri, kamar an taka ɗan kyanwa. Ya durƙusa ya haska da tocila. Bai ga komai ba sai wata 'yar lema kusa da taya, wadda ba mai ba ce, ba kuma ruwa ba. Ya goge hannunsa ya tafi alwala.

Da gari ya waye motar ta karkata gefen fasinja, kamar wani mai nauyi yana zaune a ciki. Ya kwance sifirin ya sa wani. Ya canja shokozoba, ya canja bushin, ya auna, ya sake aunawa. Ta ƙi miƙewa. Shi da ake kawo wa motocin da suka gagari kowa, sai ga shi tsaye riƙe da sifana yana zufa.

Daga nan aka fara jifa. Da zarar duhu ya soma shiga, sai a ji ƙwal, ƙwal a kan kwanon ɗaki. Ba duwatsu ba ne, notoci ne daga cikin gwangwaninsa, kuma wanda ya tsinci ɗaya sai ya yar, don zafi. Fatar da Auta ta wuni tana ɗinkawa, da safe sai a tarar an warware ta ɗinki bayan ɗinki, an naɗe zaren a ajiye a kan sitiyari. Umma ta ce ta ji kukan mace a rumfa. Mai Jak ya ce iska ce. Taurin kai irin nasa, ko ƙarfen motar bai kai shi ba.

Wata yamma Auta ta shimfiɗa sabuwar fata a kujerar fasinja, ta zauna don ta ji ko soson ya yi daidai. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafunta suka ƙi. Ɗaukar ta aka yi zuwa ɗaki. A asibiti an yi hoto, an buga gwiwa, an ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya. Aka dawo da ita gida tana kallon ƙafafunta kamar na aro. Abin da ya fi kashe wa iyayen jiki shi ne magariba. Sai idanunta su juye, ta buɗe baki, muryar ubanta sak ta fito tana maimaitawa a hankali: "A janye ƙafa. A janye ƙafa."

Umma ce ta je ta kawo Malam, wani dattijo mai sanyin murya wanda ya daɗe yana fama da irin waɗannan baƙi. Ya zauna a bakin tabarma har rana ta faɗi, sannan ya dubi iyayen.

"Duk abin da kuka ji, kada wanda ya ba ta amsa. Ni kaɗai zan yi magana. A wurinsu, abin da baki ya furta ya ɗauru."

Ya fara karatu. Can sai Auta ta miƙe zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba, muryar wata mace ta fito daga maƙogwaronta, busasshiya, mai cike da gaba.

"Ya isa, tsoho. Ina jin ka."

"Wace ce ke, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi min komai ba. Ɗana ma bai yi wa kowa komai ba." Kan Auta ya juya a hankali har idanun suka tsaya kan uban. "A cikin motar nan na haife shi. Aka jawo mu gidan nan, ban ce uffan ba. Aka yage shimfiɗarmu, muka koma ƙarƙashi. Na yi haƙuri don na ga mutumin mai sanarwa ne. Ɗana ya saba da muryarsa, da ya ji ta sai ya janye ƙafa yana dariya. Ran nan yana kwance yana jira a faɗa."

Mai Jak ya zame ya zauna a jikin bango.

"Ya mutu?" in ji Malam.

"Da ya mutu, da toka kuka zo tarawa. Yana nan yana jan ciki."

"Bai gan shi ba. Kuskure ne, kuma za a ba ki haƙuri. Za a mayar da motar inda aka ɗauko ta, a bar miki."

"In yi me da ƙarfe? Da shi ɗana zai taka? Ƙafa aka ɗauka, ƙafa zan ɗauka. So nake ya riƙa kallon tasa 'yar tana ja, yadda nake kallon nawa."

"Wannan zalunci ne, kuma ba za ki fita da komai ba."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin Auta ya soma karkarwa, aljanar tana ihu tana cewa ana ƙona ta, tana zagi, tana roƙo. Ƙarfinta yana ta raguwa, Malam kuma ya ɗaga wa iyayen hannu alamar saura kaɗan. Amma muguwar ta san inda za ta taɓa. Sai ta ja da baya, ta saki muryar yarinyar.

"Baba, zafi! Baba, ƙafata!"

"Ki ɗauki tawa!" Mai Jak ya yi tsawa. "Ni na sauke jak ɗin, ki ɗauki tawa ki sakar min 'ya!"

Karatun ya tsaya cak. Bakin Auta ya yi wani murmushi da ba nata ba.

"Na karɓa. Ta dama nake so, wadda kake taka totur da ita. Ka gama gyaran motarka, ka yi ta kallonta."

Babban ɗan yatsan ƙafar Auta ya yi rawa, ta yi atishawa, ta faɗi a jikin uwarta. Malam ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, ɓacin rai ne fal a fuskarsa.

"Na ce maka ka yi shiru, bawan Allah. Aljanar ta riga ta karaya."

Mai Jak bai ji shi ba. Idonsa yana kan Auta, wadda ta buɗe ido, ta motsa yatsu, ta dafa kafaɗar Umma ta miƙe tsaye. Ya yunƙura zai tarye ta, ƙafar dama ta ƙi biyo shi. Ya mintsine ta, ya doke ta da hannu, bai ji komai ba.

Auta ta gane. Ta fashe da kuka, ta taho za ta durƙusa a gabansa, ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Kada ki zauna," ya ce. "Koma bakin ƙofa, ki sake takowa in gani."