Jirgin Tururuwa da Tsinken Awo

A wani zamani an yi wani tsoho mai ƙera jirgin ƙasa da gwangwanin madara, layin dogonsa kuwa da karan dawa. Ran nan hadari ya haɗu, sai tururuwa suka zo suka ce, "Baba, kai mana geronmu rami kafin ruwa ya sauko."

Ya duƙufa shimfiɗa layi. Matarsa ta miƙo masa tsinke ta ce, "Malam, yanke shi daidai tsakanin ƙafafun jirgin, ka riƙa auna faɗin layin da shi."

Ya ce, "Idona ya ishe ni."

Jirgi ya tashi. A gindin turmi layi ya yi faɗi, jirgi ya zurma tsakiya. Aka ciccibo shi. Tsoho ya ce, "Idona ya ishe ni." A gindin randa layi ya tsuke, jirgi ya kife, gero ya watse, kaji suka sha biki.

Babbar tururuwa ta kakkaɓe jikinta ta ce, "Baba, saura ƙwaya uku. A ka za mu kai."

Yayyafi ya soma. Can tsoho ya yi gyaran murya ya ce wa matarsa, "Ke, ina tsinken nan?"

Ta ce, "Sun tafi da shi. Wai gobe za su dawo su auna idonka."