Bozar da Na Saka a Bututun Shadda

Ni Mu'azu mutum ne mai ƙyanƙyami. Ko ƙuda ya faɗa mini a shayi sai na zubar. Sai ga shi gidan hayarmu na Darmanawa, duk damina shaddarsa sai ta cika ta tumbatso ba sallama, ruwan ya gangaro ƙofar ɗakina, daidai inda 'yata Nafisa ke rarrafe.

Gyaran kayan lantarki nake yi a Gyaɗi-Gyaɗi, don haka na haɗa abin gargaɗi. Waya biyu za su sauka cikin ramin, in ƙazanta ta taɓa su, ɗan allon kwamfuta ya kaɗa boza, wani faifai mai faɗin kwabo da ke tsuwa in an ba shi wuta. Da na jona ta a ƙafa ɗaya ta allon, kukanta bai wuce na gyare ba. Sai na jona ta a ƙafa biyu, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Ƙarar ta koma mai tsinka kunne, ni kuwa har da yaba wa kaina.

Ana dab da kiran magariba na zo kafawa. Maƙwabciyarmu Saratu, ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan, tana kwashe shanya.

"Malam Mu'azu, ka bari sai da safe mana. Ko a garinmu ba a taɓa rami a wannan lokaci."

"Minti biyu ne, Maman Gideon."

Warin ya sa na riƙe numfashi tun daga nesa, shi ya sa addu'ar shiga banɗaki ba ta fito daga bakina ba. Don gudun ruwan sama, na zura bozar cikin bututun iskar shaddar, fuskarta na kallon ƙasa.

Ban gama wanke hannu ba ta fara. Tiiii.

Ramin kuwa satin nan aka yashe shi. Na koma na cire batir. Ba ta daina ba. Na fizge allon gaba ɗaya, yana hannuna, ƙarar na ci gaba daga cikin bututun.

Na naɗe hannun riga, na zura hannu har gwiwa. Bangon bututun yauƙi ne, da ɗumi. Kyankyasai suka bi ta kan damtsena.

Na taɓo bozar. Wani abu ya riga ni riƙe ta.

Yatsu ne, masu laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Suka zagaye wuyan hannuna.

Ƙarar ta tsaya. Wani tururi ya taso mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya shige mini baki. A cikinsa muryar mace take, ƙasa-ƙasa.

"Ka tashe mini jariri."

Na yi amai a kan ƙafata.

Muryar ta sake cewa, "Taka tana barci ko?"

Aka ja ni, kafaɗata ta bugi bututun. Saratu ce ta riƙo ƙuguna tana addu'a da tata hanyar, ta fizge ni muka zube tare. Hannuna ya fito baƙi ƙirin, babu bozar.

Daga ɗaki Nafisa ta tsala kuka sau ɗaya, ta yi shiru.

Kwana muka yi Saratu na wanke mini hannu da ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Warin ya fita. Kafin wata ya ƙare muka tashi muka koma Babban Giji.

Nafisa ta girma yanzu, sa'anninta har sun shiga Islamiyya. Likitoci sun ce kunnenta da harshenta lafiya lau, amma ba ta taɓa cewa Baba ba. Da magariba takan zo ta hau cinyata ta buɗe baki, ƙarar nan ta fito, tiiii, warin na biye da ita.

Nakan rungume ta, in kawar da hancina gefe yadda ba za ta gani ba.