Miyar Albasar Genís

Ranar Laraba da hantsi ina kicin ina goga tumatir a kan burodi, sai Yaya Assumpta ta turo ƙofa. Yayar mijina ce, shekararta saba'in da biyu, ba ta taɓa aure ba. Tun da muka binne mijina Genís a watan Nuwamba ta mayar da kanta mai gidan.

"Remei, na ji wai yarinyar nan za ta zo cin albasa ranar Lahadi."

"Oriol ne ya gayyace ta, Yaya."

"To ki gaya wa ɗanki, ko ni ko ita! Ba zan zauna a teburin ubana da 'yar kudun da ta watsa mana albasa a ƙasa ba."

Ashe Oriol yana bakin ƙofa, takalmansa duk laka daga lambu. Shi kaɗai Allah ya ba mu.

"Haba Gwaggo! Abin bara ne fa. Shekara guda kina maimaita magana ɗaya kamar rediyo."

"Rufe min baki, mara kunya!"

Bai ƙara kallon ta ba, ni ya juyo ya kalla. "Mama, ki ji ni da kyau. An ba Araceli aiki a asibitin garinsu, Jaén, can kudu, kuma ranar Litinin za ta ba su amsa. In ba ta da kujera a teburin nan ranar Lahadi, ni ma ba ni da ita. Tikiti biyu zan saya."

Tumatirin da ke hannuna ya faɗi ƙasa. Wata uku ke nan da rasa miji, ga ɗa kuma zai tafi nisan yini guda a jirgin ƙasa.

Abin da ya faru bara shi ne, Oriol ya kawo budurwarsa Araceli gidanmu karo na farko ranar cin albasa, bikin da muke yi duk shekara lokacin sanyi. Genís ya jera dogayen albasar a kan ragar ƙarfe, ya hura wutar rassan inabi har harshenta ya fi shi tsayi. Haka ake yi. Sai ɓawon albasar ya ƙone ƙurmus cikinta yake yin laushi, sannan a naɗe ta a tsofaffin jaridu ta huce. Kowane yaro a yankinmu na Valls ya san wannan. Ita ba ta sani ba. Tana ganin wutar ta ƙwala ihu, "Baba, sun ƙone!" Ta ruga ta fizge ragar da hannu. Albasa ɗari biyu suka zube a turɓaya, tafin hannunta ya saɓule. Genís ya tsoma mata hannun a bokitin ruwa yana dariya har da hawaye. Yaya Assumpta ba ta yi dariya ba.

Da ciwo ya kwantar da Genís, yarinyar nan ce take hawo bas daga birnin Tarragona duk Lahadi bayan ta tashi aikinta na nas. Ta juya shi, ta goge masa jiki, ta zauna tana fama da yarenmu yana gyara mata. In ta gaida Yaya, sai Yaya ta juya mata baya. Ba ta taɓa mayar da magana ba. Ni kuwa ina gani ina shiru. Karatuna a aji shida ya tsaya, na shigo gidan nan ina da shekara ashirin da biyu, kuma tun ranar nake tsoron Yaya Assumpta.

Akwai kuma wata damuwar da ta hana ni sukuni. Albasar bana ita ce aikin Genís na ƙarshe, shi ya dasa ta a watan Satumba yana dafa sanda. Amma albasa ba ta ciwuwa sai da miyar da ake dangwala ta, kuma miyar gidanmu shi kaɗai ya iya. Wajen ubansa ya gada. Duk shekara sai ya ɗauke albasar farko daga kan wuta ya ce, "Wannan ta mai hura wuta ce," ya shige kicin da ɗan turminsa na dutse, ya sa sakata. Shekara talatin da huɗu ban taɓa ganin abin da yake yi a ciki ba.

Ranar Alhamis na ce, "Yaya, miyar fa?"

"Miyar ubana ce. Ke ina ruwanki?"

Lahadi ta zo. Mutum goma sha takwas muke jira da ƙarfe biyu, dangin Genís duka, karo na farko da za a zauna babu shi. Tun ƙarfe tara Yaya ta ɗaura ƙyalle ta hau daka. Gasasshen tumatir, tafarnuwa, ƙwayar almon mai kama da gyaɗa, busasshen tattasai da aka jiƙa, ɗan burodi, ruwan kal mai tsami, tana ɗiga man zaitun kaɗan-kaɗan. Ta miƙo min cokali. Na ɗanɗana.

Miya ce mai kyau, irin wadda ake ba baƙi masu yawon buɗe ido a gidajen cin abinci na bakin hanya. Amma ba tasa ba ce.

"Me kike kallona? Gishiri ne bai ji ba!"

Ta ƙara gishiri. Ta juye ta sake sabuwa. Oriol ya leƙo ta taga fuskarsa duk hayaƙi. "Gwaggo, a zuba a blanda mana a huta."

"Blanda a gidan nan? Ubanka ma bai isa ba!"

Na bi shi waje na ja hannun rigarsa. "Ina take?"

Ya nuna da haɓa. Can bayan ƙofar gona, Araceli ce zaune a kan katangar dutse, ta rungume jakarta, sanyin Fabrairu yana kaɗa mata gashi.

"Tun sha ɗaya take nan, Mama. Ta ce ba za ta shigo ba sai wata mai gidan ta ce ta shigo. Ni na yi na yi. Bas ɗin komawa ƙarfe biyu da rabi ne."

Na duba agogo: ɗaya saura kwata. Motocin dangi sun fara tsayawa a gindin itatuwa. Na koma kicin.

Na tarar da Yaya zaune a kujera, taɓarya a cinya, miya ta uku a turmi, hawaye yana bin kumatunta. Ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar jana'iza.

"Ban iya ba, Remei," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Baba bai taɓa koya min ba. Ya ce ta ɗa namiji ce. Ina shekara goma nake tsayawa bayan ƙofar nan ina jin suna daka shi da Genís. Yanzu ta tafi ke nan, an binne ta da shi."

Na tsaya ina kallon ta. Matar da na ji tsoro shekara talatin da huɗu, ashe yarinya ce da aka bari a bayan ƙofa. Sai na tuna akwai wata yarinyar a bayan ƙofa yanzu haka, kuma ni ce na bar ta.

"Yaya," na ce, "miya ta tafi, miji ya tafi. Ɗana kam ba zai tafi ba. Zan shigo da ita."

Ban jira amsa ba. Na ratsa tsakar gida, dangi suna gaishe ni ina wucewa.

"Araceli, tashi ki shigo, 'yata. Ki yafe min, na daɗe ban faɗa ba."

Ta fashe da kuka a kafaɗata. Hannunta kamar ƙanƙara.

Muna shiga kicin Yaya ta kau da kai. Araceli ta gaishe ta kamar kullum. Sai idonta ya faɗa kan turmin.

"Gwaggo, in ɗanɗana?"

"Me kika sani a kai? Ku da kuke shan tumatir da sanyinsa kamar ruwa!"

Araceli ta dangwala da yatsa ta ɗanɗana. Sai ta buɗe taga. "Oriol! Ka ɗora albasar?"

"Yanzu na ɗora!"

"Ta farkon da ta ƙone, kawo min ita. Kar ka ɓare!"

Ni da Yaya muka kalli juna.

Ya kawo ta baƙa ƙirin tana hayaƙi. Araceli ta zare farin cikin ta jefa a turmi, sannan ta tsinko baƙin ɓawon kamar faɗin farce biyu ta marmasa a kai.

"Baba ba cin ta yake yi ba, Mama," ta ce da ni. "A nan take ƙarewa. Sati biyu kafin ya rasu ya gaya min."

"Ke?" Yaya ta miƙe tsaye. "Ya tsallake jininsa ya gaya wa bare?"

"Ya ce wadda ta sa hannu a wuta saboda abincin gidan da ba nata ba, ba za ta yi wasa da amana ba," in ji Araceli. "Amma ba ni ya bar wa ba, Gwaggo. Cewa ya yi, 'Ki kai wa yayata. An zalunce ta tun muna yara, ni kuma na rasa bakin faɗa.' Sau uku ina zuwa ƙofarki, ba ki buɗe ba. Kuma ban so in aiko Oriol ba, kar a ce na zo sayen kujera da sirrin mamaci."

Ta ɗauki taɓaryar da hannun nan mai tabo, ta miƙa wa Yaya.

Ina jiran Yaya ta ture hannun. Oriol yana bakin ƙofa, na ga yana kallon agogon wayarsa.

Yaya ta karɓa. Ta daka a hankali, tana daka tana share ido da bayan hannu. Ta ɗanɗana. Ta rufe ido ta daɗe.

"Genís," ta ce kawai.

Na ɗanɗana ni ma. Wannan ɗan ɗacin hayaƙin ne a ƙarshen harshe.

Ƙarfe biyu muka zauna a dogon teburi a tsakar gida. Aka kawo albasa a kan tayil ɗin yumɓu na rufin ɗaki, kowa ya ɗaura ƙyalle a wuya. Yaya ta ja kujerar da ke kusa da ita.

"Ke 'yar kudu, zo nan! Juyo in ɗaura miki. Ki riƙe saman, ki ja ɓawon ƙasa, ki dangwala, ki ɗaga kai sama ki zura. Kuma bana don Allah ki bar mana wutarmu ta ci!"

Tebur ya kwashe da dariya. Bas ɗin biyu da rabi ya wuce muna cin haƙarƙarin rago, hannuwanmu duk baƙin gawayi. Ba mu tashi daga hira ba sai ƙarfe shida. A watan Yuni aka ɗaura aure a cocin ƙauyenmu, kuma Yaya ce ta ba amarya turmin.

Ni ba mai ilimi ba ce, amma ga abin da na gani da idona. Araceli ta yi haƙuri shekara guda, ba ta rama ba, ba ta yi ciniki da amana ba, ta samu miji da gida. Ni kuwa na kusa rasa ɗana saboda na ɗauka shiruna haƙuri ne, alhali tsoro ne. Duk uwar da ta ga ana wulaƙanta 'yar mutane a gidanta, ta tashi ta buɗe ƙofa tun bas bai wuce ba.