Idon Adama na Hagu

Da hantsin wata Alhamis a damanar 1988, Larai matar Malam Labaran ta dawo daga awon ciki ta tarar da rami a tsakiyar teburin ɗinkinta. An kwance kan keken ɗinkin an yi gaba da shi, har da zaren da ke jikin allura. Ihun da ta kurma sai da ya tara rabin Limancin Kona.

Kofur Mika'ilu ɗan sanda ya iso a kan kekensa ya ja birki a zaure, don gidan na kulle ne, kakinsa bai ba shi izinin wuce nan ba. Da ma in magana ta shige cikin gida, Iya Sailuba yake aika wa. Tsohuwar wanzamiya ce mai baki kamar askarta. Ita ta yi wa matan unguwar jarfa tun suna 'yan mata, wato zanen nan na allura da baƙin tukunya da ba ya wankuwa.

Iya ta shiga ta zauna gaban Gwaggo Delu, surukar Larai, wadda ita kaɗai ke gida da safen.

"Me kika gani?"

"Ina bakin murhu na ga mace ta fito da daro a ka, an rufe shi da zane. Ta ja gyale har kan hanci."

"Ta yi magana?"

"Ko sallama. Amma na ga idon, Sailuba. Kwallin hagu ya zazzago kamar ta yi kuka."

Nan tsakar gida ta ɗauki salati. Wa bai san idon nan ba? Adama mai kitso ce. Shekara ashirin da biyar da suka wuce Iya ta zana mata jarfa a ƙasan ido, kwallin da ba sai an sa ba. Na dama ya zauna ɗas, na hagu kuwa ya yi ta bazuwa da shekaru har ya kai faɗin ɗan yatsa. Adama ba ta da gona, ba ta da kanti, hannunta ne abincinta. Ranar da aka kira ta ɓarauniya, ranar kowane gida zai rufe mata ƙofa.

Iya ta fito zaure. Kofur ya riga ya aika gidan Adama, aka ce tun Talata ba a gan ta ba.

"To ai magana ta ƙare, Iya. Ta gudu."

"Kai ɗan nan, gaggawarka ta yi yawa. Wa kuma ke shiga gidan?"

"Bahago mai ruwa."

"Da gemun nan nasa a cikin gyale? Haba, Kofur!"

Sai Mero dillaliya, da aka kira ta zo tana haki. Tun asuba tana gidan suna a Tukur-Tukur, ga ƙullin goron sunan a bakin zanenta, ga mata uku da suka dawo tare. Ban da haka doguwa ce, sai ta sunkuya take shiga ɗakin Larai, Gwaggo Delu kuwa ta ce matar da daro a ka ta fito ba ta ko rusuna ba. Iya ta ce ta je ta huta.

Iya ta koma wajen Gwaggo Delu da tambaya ɗaya.

"Baƙin nan da kika gani, ya yi ƙyalli?"

"Ƙwarai kuwa, da rana ta haske shi."

"Na dama fa?"

"Siriri ne, kamar na kowa."

Iya ta jefa goro a baki. Sannan ta ɗaga murya ta ce shaida ɗaya ba ta ishi hukuma ba, in ba wadda ta ƙara ganin Adama, sai a bi gidajen lungun ɗaɗɗaya da bincike.

Ba ta rufe baki ba Jummai ta matso. Maƙwabciya ce, katanga ɗaya ta raba su da Larai, kuma bara ta fara kitso, sai dai har yanzu kan yara kawai ake kawo mata.

"Iya, da na yi shiru don zumunci, amma ni ma na gan ta."

"A ina?"

"A lungu, za ni ɗebo wuta. Har gyalen ya zame, na ga fuskarta ɓaro-ɓaro."

"Yau ɗin nan?"

"Yau ɗin nan. Tabon hagu na nan yadda kowa ya san shi."

"Na dama fa?"

"Lafiyarsa lau."

"Madalla. Larai, shimfiɗa tabarma a bakin zaure yadda Kofur zai ji. Ina zuwa."

Ba a jima ba ta dawo riƙe da hannun wata mata a lulluɓe, tana jan ta kamar akuyar da ta ƙi kasuwa.

"Buɗe, Adama."

"Iya, kin yi mini alkawari fa."

"Na yi. To zaɓi, kunya ko sunan ɓarauniya."

Adama ta sauke mayafi. Sai ga idanu biyu daidai wa daida, kowanne da faffaɗan baƙi a ƙasansa, ga ɗan kumburi bai gama sacewa ba. Mata suka saki baki.

"Ku duba da kyau," in ji Iya. "Jarfar da ta bazu ba ta komawa baya, duk wanda ya ce zai tsotse muku ita ƙarya yake. Gyaranta ɗaya ne, a daidaita bakin wadda ta bazu, a faɗaɗa 'yar'uwarta su zo ɗaya. Ranar Talata na yi mata, tun ranar tana ƙuryar ɗakina tana shan kunu, wai kada a ce da shekara arba'in da biyu tana kwalliya. Mai tabo a ido ɗaya babu ita a Zariya tun Talata. To Jummai, fuskar wa kika gani ɓaro-ɓaro?"

Jummai ta fara in-ina. Iya ba ta saurara mata ba.

"Gwaggo Delu ba ta yi ƙarya ba, abin da aka nuna mata ta faɗa. Amma tsohuwar jarfa dusu-dusu take, shuɗi-shuɗi, ba ta ƙyalli. Mai ƙyalli kwalli ne da aka kwaɓa da man kaɗanya don ya zauna. Kin wanke fuska, na gani. Gyalen fa? Ɗazu da zan wuce na hango shi a igiyarki yana ɗiga, alhali hadari ya haɗo. Wa ke wanki ana shirin ruwa?"

Aka ɗauko gyalen. A bakinsa ta ciki, daidai inda zai taɓa kuncin hagu, ga baƙi mai maiƙo da sabulu ya kasa fitarwa. Kan keken kuwa a ƙarƙashin gadon Jummai aka same shi, cikin daro, zaren Larai na nan a allura.

"Wato ga keke, ga kawunan unguwa duka su dawo hannunki," Iya ta ce, ranta a ɓace. "Keken da sauƙi, Jummai. Abincin baiwar Allah kika so zubarwa."

Kofur ya rufe littafinsa yana murmushi, ya ce a fito da Jummai zaure. Da zai tafi ya ce, "Iya, da kin faɗa mini tun farko ai da na huta."

"Da na faɗa, da wa zai matso ya rantse?"

Adama na tsaye tana laluben mayafi za ta sake rufe fuska. Gwaggo Delu ta riƙe hannunta, idonta ya kawo ruwa, ta roƙe ta gafara. Mero ta rangaɗa guɗa wai ga amarya, mata suka fashe da dariya, Adama ta rasa inda za ta sa kanta don kunya da daɗi.

Larai ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da matsefi da kwalbar mai, ta janyo kujera 'yar tsugunno ta ajiye wa Adama, ita kuma ta zauna a tabarma gabanta ta tuɓe ɗankwali.

"Yaya Adama," ta ce, "kitsona ya tsufa."