Mai Lasar Kwalta

Sha'aibu ɗan unguwar Yakité ne. Shekara huɗu ya yi yana neman aikin ɗan sandan hanya kafin a ba shi kaki, kuma har a lokacin yana matakin gwaji ne. Shef ɗinsu, wato shugabansu, ya riga ya ja masa kunne: aka sake samun cunkoso a mahaɗarsa ta Titin Koudoukou, aikin ya ƙare.

Wata Laraba da la'asar sakaliya, babbar mota ta take wani mai taksi-moto, wato ɗan acaɓa. Aka kwashe shi zuwa asibiti, jininsa ya kwanta a kwalta, da kauri kamar kunu. Duk mai hankali a wannan yanki na Kilomita Biyar ya san ba a barin jinin mutum a buɗe rana ta faɗi. Yashi ake zuba masa, a yi bismillah.

Hajiya Rahmatu, mai suyar fanke a bakin hanyar, ta miƙo wa Sha'aibu bokitin yashi.

"Ɗana, rufe shi tun da sauran haske."

"Haba Mama, ni mai shara ne? Jiya aka goge wandon nan."

"To, ranka ya daɗe, mai wando."

Aka kira magariba. Ƙarni ya taso, irin na mahautar da ta kwana bakwai ba wanki. Ƙudajen da ke kan jinin suka tashi lokaci guda, suka bar wurin.

Sai Sha'aibu ya ji ƙara. Lak. Lak. Lak.

Wata mace ce durƙushe a tsakiyar titi, ta dafa ƙasa, ta kifa fuska a kan jinin. Duk babur ɗin da ya zo kusa da ita sai ya mutu. Direbobi ba sa ganinta, zagin juna kawai suke. Motoci suka fara jeruwa, ga shi lokacin wucewar shef ya yi.

"Kar ka busa mata," in ji Hajiya da raɗa. "Bar ta ta gama."

Ya dubi layin motocin. Ya sa usur a baki, ya busa.

Lasar ta tsaya.

Ta ɗago. Ba hanci, ba leɓe. Harshe ne kawai, mai faɗin tafin hannu, tsakuwa da fasassun gilashi sun manne masa.

Ba ta tashi ba. Harshen ne ya taho.

Ya hau takalminsa. Ya bi wandon. Ya zo wuya.

Ya naɗe usur ɗin, ya lashi leɓensa. Da ɗumi. Da gishiri.

Sha'aibu ya kasa ko salati.

Hajiya ce ta ruga, ta juye yashin a kan jinin tana bismillah da ƙarfi. Matar ta ɓace. Babura suka tashi. Shi kuwa ya rarrafa bakin kwata, ya yi ta amai har da na rawaya.

Shef ya wuce ya tarar da hanya a buɗe, bai kore shi ba. Amma washegari, yana kai usur baki, ɗanɗanon jinin ya dawo, ya yi amai a gaban jama'a. Ya canza usur har uku, duk ɗaya. Kafin wata ya fita, shi da kansa ya mayar da kakin.

Yanzu shinkafa yake aunawa a shagon kawunsa, da gwangwanin tofar yawu a gefe. A gida ma matarsa ta ware masa kofi da cokali, don duk abin da ya taɓa bakinsa ƙarni yake yi, ko da toka aka wanke.