Mangwaron da Inna Ta Dasa

A wani ƙauye kusa da Kura, cikin shekarun 1980, akwai wani yaro ɗan aji biyar. Mahaifiyarsa Hajara ta rasu tun yana ƙarami. Ta bar bishiyar mangwaro a bayan gida, wadda ta dasa da hannunta. A inuwarta kakarsa Barira take yini kullum.

Yaron nan akwai son tsafta, har abin ya yi yawa. Ko ƙuda ya sauka a rigarsa, sai ya ɓata rai.

Wata rana iskar farkon damina ta karya babban reshen mangwaron. Babansa, Malam Hammadu, ya hau da zarto ya yanke ragowar. Raunin ya fito fari fat, faɗinsa ya kai faifai.

"Zo nan," in ji baban. "Yau ake sako wa layin gonakinmu ruwan ban-ruwa, dole in tafi gona. Ka kwaɓa laka da ɗanyen kashin shanu, ka hau ka shafe wurin nan."

"Baba, kashin shanu?"

"Shi ke riƙe lakar. In babu shi, ruwa zai wanke ta."

Yaron ya je turke. Ya leƙa, ya toshe hanci.

"Ni in taɓa wannan?" ya ce a ransa. "Gobe a aji a ce ina wari?"

Sai gogan ya nufi bakin kanal, magudanar da ke kai ruwa gonaki. Ya ɗebo jiƙaƙƙen rairayi ya hau ya yaɓa. Daga ƙasa, ka rantse an yi aikin.

Da yamma baban ya tambaya, "Ka shafa?"

"Na shafa, Baba."

"Allah ya yi maka albarka."

Ruwan farko ya wanke rairayin tas. Danshi ya zauna a raunin. Wurin ya yi baƙi, ya ruɓe, gara ta samu ƙofa. Ganyen ɓangaren ya yi ɗorawa, ya fara zuba. Inuwa ta ragu, har kaka ta naɗe tabarmarta ta koma ɗaki.

Yaron yana ganin komai. Tsoro ya hana shi magana.

Wata safiya Malam Hammadu ya ƙwanƙwasa jikin bishiyar. Ya girgiza kai.

"Ciwo ya shiga ciki," ya ce. "Sai dai a sare ta, kar ta faɗo wa ɗaki."

Ya zauna yana wasa gatari. Kaka Barira ta fito, ta dafa bishiyar.

"Da tulu Hajara ta raine ta," ta ce, hawaye na zuba. "Ta tafi, yanzu wannan ma za ta bi ta."

Yaron ya ji kamar mahaifiyarsa ce za ta sake mutuwa. Ya fashe da kuka.

"Baba, kar ka sare! Ban sa lakar ba. Rairayi na yaɓa. Ƙyama nake yi."

Baban ya ajiye gatarin. Ya juyo ya dubi yaron.

"Da ka faɗa da wuri, da abin bai kai nan ba," ya ce. "Ɗauko wuƙa. Mu hau."

Suka kankare ruɓar. Warinta ya fi na turke, amma yaron bai kau da kai ba. Da hannu ya riƙa kwaso ta, har suka isa lafiyayyen itace. Baban ya karkata yankan don ruwa ya riƙa gangarewa. Da rana ta busar da wurin, yaron ya kwaɓa laka da kashin shanu, hannu bibbiyu, ya shafe.

"Za ta rayu, Baba?"

"Ban sani ba. Sai yadda Allah ya yi."

Duk sanda aka yi ruwa, sai ya hau ya duba. Rabin bishiyar ya riga ya bushe, bai dawo ba. Amma da lokacin kaka ya yi, sai ga jajayen ganye sun tsiro a gefen raunin.

Kaka Barira ta dawo da tabarmarta.

"Zo ka zauna, maigidana," ta ce da jikan. "Amma ka wanke hannu tukuna!"

Duka suka yi dariya.

Tun daga nan yaron ya gane cewa bai kamata a yi ƙyamar aiki mai amfani ba. Ya kuma gane cewa in ka yi kuskure, gara ka faɗa da wuri, kafin ɓarnar ta yi nisa.